Jarka Mai Farin Murfi

A cikin bas suka haɗu, wata ranar Talata da safe. Shi yana tsaye da bokiti a hannu, ita tana zaune da farin takalminta na aiki. Direba ya taka birki, ruwan bokitin ya fantsama a ƙafarta.

Ta leƙa ciki. Babu kifi, babu nama. Duwatsu ne guda uku masu ramuka, kwance cikin ruwa.

"Malam, dutse ka jiƙa? Sai yaushe zai yi laushi?"

"Ki yi haƙuri da takalmin. Dutsen nan yana da rai. Idan ya bushe ya mutu."

"Allah ya ba shi lafiya. Kai ma Allah ya ba ka."

Ya yi ta dariya har ya wuce inda zai sauka. Kafin ya sauka kuwa ya karɓi lambarta, wai zai aiko da man goge takalmi.

Yarinyar 'yar ƙanwata ce. Ni na raine ta tun tana wata bakwai, da uwarta ta rasu. Siririya ake ce mata. A asibitin haƙori take aiki, ita ke miƙa wa likita kayan aiki. Ni wanki da guga nake yi, shekara talatin, ban taɓa ƙona rigar kowa ba. Ban yi makaranta ba, ko harafi ɗaya ban sani ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Shi kuma tun daga ranar ta sa masa suna Mai Dutse. Ubansa ke da shagon da ake sayar da kifin teku da murjani mai rai, irin wanda masu hali ke ajiyewa a akwatin gilashi suna kallo. Shi ne mai zagayawa gidaje da ofisoshi yana kula musu da ruwan.

Ina guga tana karanta min saƙonninsa. Abin da kunnena ya ɗauka kaina ba ya zubarwa.

"Siririya, takalmin ya bushe? Dutsen yana gaishe ki. Ya ce tun da ya ga ƙafarki bai ƙara kewar teku ba."

Ta mayar masa: "Ka ce masa gishirinsa ya busar min da takalmi kamar leɓen mai zazzaɓi. Ban yafe ba tukuna."

"To yaushe za ki yafe, Murjanata?"

"Ranar da ka daina yawo da duwatsu a gaban mutane."

"Ashe har abada zan yi ta neman gafara. Na yarda."

Bayan wata huɗu ya zo gaishe ni. Ya zauna a ƙasa. Na kalli hannunsa na ga gishiri ya farfasa masa yatsu yadda sabulu ya farfasa nawa. Na ce a raina, wannan ya san aiki. Na so shi, ba zan yi ƙarya ba.

Gidansu ne matsalar. Uwarsu ta rasu tuntuni. Tsohon yana nan, amma makullan shago suna hannun babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Babbar Yaya. Ita ta riga ta ajiye masa mata, ƙanwar mijinta, wata da ta karanci halittun ruwa a jami'a. 'Yar Digiri nake ce mata, ban ga wani abu nata ban da shi ba.

Ranar da ya kai Siririya shago ta gaishe su, Babbar Yaya ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Wa ya raine ki?"

"Innata."

"Me take yi?"

"Wanki da guga."

"To, aƙalla kayanmu za su yi tsabta."

Yarinyar ta haɗiye. Tsohon ne ya katse maganar. Ya nuna wani murjani kore a babban tanki, mai kaɗawa kamar ciyawa cikin iska. Ya ce shekararsa goma sha tara a hannunsa.

"Duk wadda ta shigo gidan nan ta shigo shagon nan," in ji shi. "Babban tanki kowane wawa zai iya riƙe shi, yawan ruwa yana rufa asiri. Ƙarami shi ke tona mutum. Ki haɗa ƙarami a gidanku. Idan ruwan ya nuna zan yankar miki daga wannan. In ya kai kwana casa'in da rai, na ba ki ɗana."

Babbar Yaya ta ce, "Amma Baba, daga ranar da ka yanka mata, kada ya taka gidansu, kada ya ba ta shawara ko a waya. In ba haka ba shi ne zai ci jarrabawar, ba ita ba."

Tsohon ya amince.

Tankin lita ashirin ne, bai kai babbar tukunyata ba. A kan teburin da nake ninke kaya aka ɗora shi, na koma ninkewa a kan gado. Aka zuba farin yashi, aka jera duwatsu, aka sa ɗan injin da ke motsa ruwa da fitila shuɗiya. Aka kafa min dokoki a ɗakina. Ba fesa maganin sauro, ba turare, ba sa hannu a ruwa, don sabulun jikina zai iya kashe komai.

Mako shida muna kallon dutse. Wai sai ruwan ya nuna kafin a sa abu mai rai. A mako na uku wata dauɗa ruwan ƙasa ta rufe gilashin, Siririya ta zauna tana hawaye.

"Na ɓata shi tun ban fara ba."

Mai Dutse ya durƙusa kusa da ita. "Ba ki ɓata ba. Haka yake yi, sai ya yi muni kafin ya yi kyau."

"Kamar kai?"

"Ni ai har yanzu ina mataki na farko. Ke ce za ki ƙarasa ni."

Na ce su matsa min daga gaban dutsen guga.

Ya kawo jarkoki biyu. Mai shuɗin murfi ruwan gishiri ce, ta canjin ruwa duk mako. Mai farin murfi tataccen ruwa ne wanda babu gishiri ko kaɗan. Ya manna ɗan tef a jikin gilashin.

"Kullum ruwa zai sauka daga layin nan. Ruwan ne kawai yake tashi, gishirin yana nan. Saboda haka farin murfi ake ƙarawa."

Na ce, "Wannan ai ba sai da boko ba. Miya in ta tsotse ruwa ake ƙara mata, wa zai ƙara gishiri?"

"Inna ta riga mu ganewa," in ji shi. Ya ce tsarin ubansa ne tun da aka buɗe shagon. Duro shuɗi da shuɗin murfi, duro fari da farin murfi, ba sa haɗuwa. Tsohon ya yi haka ne don direbobi da masu aikin gida da ake aikowa sayen ruwa, waɗanda ba su iya karatu ba.

Ranar da mako shida ya cika, tsohon ya yanko wa Siririya murjanin kamar babban yatsa. Aka haɗa mata da dodon koɗi biyu da wani ɗan jatan lande ja. Mai Dutse ya rako ta bakin ƙofa ya tsaya, bai shigo ba.

"Kwana casa'in, Murjanata. Zan ƙirga su kamar fursuna."

"Kar ka rame. Ba na son a ce na auri sanda."

Yarinyar nan ta yi wahala. Kafin ta tafi aiki sai ta auna, in ta dawo ta auna. Murjanin ya buɗe, ya kama dutse, har ya fara yaɗuwa. Ni kaina in na gaji da guga nakan zauna ina kallonsa. Ɗan jatan landen ya san ni, da na matso sai ya fito yana kaɗa gashin baki.

A rana ta sittin da takwas asibitinsu suka tura ta kwas na mako biyu a wani gari. Ba yadda za ta yi. Ta canja ruwa, ta nuna min abincin, ta nuna min layin.

"Inna, farin murfi kawai. Shuɗin na kulle shi a kabad. Kar ki taɓa komai ban da wannan."

Zafi ya tsananta a makon. Fanka tana bugun ruwan, yana sauka fiye da kullum. A rana ta huɗu jarkar ta ƙare. Ban kira ta ba, tana da jarrabawa. Na ɗauki jarkar na hau bas na tafi shagon.

Mai Dutse ya fita aiki. Tsohon yana gida. Babbar Yaya ce kaɗai, babu mai saye ko ɗaya.

"Sannu Inna. Me aka kawo mana?"

"Ruwan da ake ƙarawa in ya sauka daga layi. Wanda babu gishiri."

Ta karɓi jarkar ta juya ta a hannu. Ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta.

"Inna, kin iya karatu kuwa?"

"Ban iya ba, 'yar nan."

"Ba komai. Zauna ki huta."

Ta shiga ciki. Ta fito da ita cike, ta ɗauki baƙin alƙalami ta yi rubutu manya-manya a jikinta. Ta ce ranar da aka cika ta rubuta. Har ta rako ni bakin titi. A cikin bas ina ta cewa ashe matar nan tana da kirki, mu ne muka yi mata mummunan zato.

Kullum na zuba har layi. Safe da yamma.

Kwana uku murjanin ya fara tsukewa. Na ce zafi ne. Kwana biyar dodon koɗi ɗaya ya faɗo daga gilashi bai tashi ba. Jatan landen ya daina fitowa. Na kira Siririya.

"Inna, farin murfi kike zubawa?"

"Shi nake zubawa."

"Kin fesa wani abu?"

"Sauro ya cinye ni ban fesa ba."

Ban ce mata na je shago ba. Ban ga abin faɗa a ciki ba. Ta ce in ci gaba, kar in bari ya sauka. Na ci gaba. Da hannuna na yi ta zubawa ina addu'a.

Ranar da ta dawo ɗakin yana wari. Murjanin ya narke ya zama majina a kan dutse. Ta ajiye jaka ba ta ko gaishe ni ba. Ta ɗauko ma'aunin gishiri ta ɗiga ruwa ta leƙa. Sannan ta juya ta ga jarkar. Ta karanta a fili, a hankali.

"Ruwan gishiri. Na canji ne kawai. Kada a ƙara da shi."

Na ce, "Babbar Yaya ce ta cika min a shago, ta ce ranar cikawa ta rubuta."

Ba ta ji ni ba. Ko ta ji ba ta so.

"Inna, kwana goma abin nan yana gabanki. Da kin yi makaranta ko ta shekara ɗaya ce, da yau ina da miji."

Na goya yarinyar nan da zazzaɓi a jikina. Da kuɗin gugata ta koyi karatun da ta mare ni da shi. Na ɗauki kayan mutane na ci gaba da ninkewa.

Da yamma saƙonsa ya shigo. Wannan ma ta karanta min, amma don ya yi min ciwo.

"An rubuta a jikin jarkar da manyan baƙi, Yaya ta faɗa min. Shekara goma sha tara murjanin nan yana hannun Baba. Mako biyu ya yi a hannun innarki. An gaya min irin gidan da zan shiga ban ji ba. Kar ki kira ni yanzu."

Kwana tara ba ta yi min magana ba. In na zuba abinci ta ture. Labari ya zo mana cewa 'Yar Digiri ta fara zama a shagon, har an ba ta kujera kusa da tsohon.

Ni ban yi kuka ba. Tunani na yi. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da na san shagon ya cika, na ɗauki jarkar da sauran ruwanta. Na ce wa Siririya ta sa mayafi ta biyo ni, ko kuma ta nemi wata innar. Ta biyo ni.

Na dire jarkar a kan kanta gaban tsohon.

"Malam, ni jahila ce, an riga an gaya maka. Ka ɗanɗana min wannan."

Ya tsoma yatsa ya kai baki. Ya tofar.

"Yanzu ka gaya min launin murfin."

Ya dubi murfin. Ya dubi rubutun. Ya daɗe yana duban rubutun, don ya san hannun.

Babbar Yaya ta taso. "Baba, na rubuta mata ƙarara. Laifina ne ba ta iya karatu ba?"

Na ce, "Kafin ki rubuta kika tambaye ni ko na iya, ko bayan kin rubuta?"

"Mutane sun yi yawa ranar. Kuskure ne."

"Daga ni sai ke sai kifi. Kuma mai kuskure ba ya rubuta sunan kuskurensa a jikin jarka. Kin san abin da kika zuba, kin san murfin da kika rufe."

Mai Dutse yana tsaye da raga a hannu kamar an dasa shi. 'Yar Digiri ta ɗauki jakarta ta fice, ita dai ban ga laifinta ba.

Tsohon ya ce mu shiga ciki. Ɗakin durorin ne, shuɗi a dama, fari a hagu, tsakaninsu taku biyar. Ya rufe ƙofa.

"Baiwar Allah, an zalunce ki," in ji shi. "Yarinyar ta ci. Za a yi auren."

Siririya ta fashe da kuka. Ni na jira, don na ga bakinsa bai gama ba.

"Amma maganar ta tsaya a ɗakin nan. 'Yar nan tawa uwar 'ya'ya huɗu ce, kuma ita ke riƙe da shago. Idan aka ji da gangan ta ba mutum ruwan da zai kashe masa tanki, wa zai ƙara saye a nan? Waɗanda suka ji a waje zan ce musu rashin fahimta ne. A bar shi a kan kuskuren tsohuwa, ni kuma na yafe."

"Ka yafe min abin da 'yarka ta yi?"

"Sunan kawai za ki ɗauka. Ke me za ki rasa?"

Babbar Yaya tana jingine da duron tana duba farcenta.

Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ji an riƙe min ƙafa. Siririya ce a durƙushe, fuska duk hawaye.

"Inna, ki yafe min abin da na faɗa. Inna, don Allah. Ina son sa."

A numfashi ɗaya ta nemi gafarata ta kuma nemi in ƙara ɗaukar wani kayan. Na dube ta na ga idon ƙanwata.

Na ce wa tsohon, "Zan yi shiru har a ɗaura aure a gama biki." Ya gyaɗa kai. A zatonsa kafin lokacin na huce.

Washegari Mai Dutse ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa.

"Murjanata, na kasa rubuta saƙo. Duk wanda na fara sai in ga wancan a samansa."

"Ka ce an gaya maka irin gidan da za ka shiga."

"Na faɗa. Ba ni da inda zan ɓoye."

"To ga gidan. Ka shiga ko ka tashi daga ƙofar mutane."

Ya shigo. Ya durƙusa a gabana ya ce in yafe masa. Na ce masa, "Kai ka gaya min dokar murfin da bakinka. Da aka ce maka tsohuwa ta yi shirme ka yarda nan take, ba ka zo ka duba ba, ba ka tambaye ni ba." Ya sunkuyar da kai. Na yafe masa saboda ita. Su biyu suka wanke tankin a tsakar gida, suna faɗa suna dariya a kan wa zai riƙe bokiti.

An yi biki a babban zaure. Siririya ta yi kyau har na kasa kallonta sosai. Shi kuma sai murmushi yake, yana riƙe da gefen rigarta kamar za a ƙwace. Ni na goge kayan da ya sa, ko layi ɗaya bai karkace ba.

Ana tsakiyar cin abinci Babbar Yaya ta karɓi abin magana. Ta yi wa amarya maraba. Sannan ta juyo inda nake.

"Sai kuma Innarmu. Kowa ya san ɗan abin da ya faru. Mu dai mun yafe, ba laifinta ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu."

Aka tafa. Wata mata kusa da ni ta dafa min kafaɗa ta ce in gode wa Allah da na samu surukai masu haƙuri. Siririya ta dube ni daga can, ta sunkuyar da kai. Na zauna har aka tashi, don ban taɓa saɓa alkawari ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da ɗaura aure. Alkawarina ya cika. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan ina faɗa, kuma na sa ta karanta min sau biyu, sannan na sa wata daban ta sake karantawa.

Su yaran Allah ya ba su zaman lafiya. Allah ya rufa musu asiri, ya kau da idon maƙiya, ya sa su tsufa tare. Allah ya ba su 'ya'ya masu tambaya kafin su yanke wa mutum hukunci.

Babbar Yaya kuma, ba zani nake so a wurinta ba, ba kuɗi ba. Ta zo ɗakina, gaban ƙaninta da matarsa, ta faɗi da bakinta duron da ta buɗe. Ta san ƙofata. Kullum ina gida, sai Laraba da nake kai wa mutane kayansu.